Yadda na shigar da zanen rinina bajekolin galarin mata a Amurka, daga cike fom har dawowar kwali

Assalamu alaikum 'yan uwa mata. Tunda aka ji an rataye zanen rinina a wani galari na mata, wato gidan nuna kayan fasaha, a nan Amurka ake ta turo min tambayoyi kusan iri ɗaya, wai ta ina na bi, wa na sani a ciki, nawa aka biya ni. Toh gaskiyar magana ban san kowa ba, kuma ba a biya ni ko sisi ba, ni ce ma na biya, kuma wannan ɗin shi ne abin da na so a ce wani ya zaunar da ni ya faɗa min tun farko. Ni 'yar Kano ce, muna zaune a jihar Ohio da maigida da yara, ban yi karatun zane a jami'a ba, abin da na iya shi ne ɗaurin rini da ɗinkin hannu, kuma a wajen Gwaggona na koya, ita tun muna yara take ɗaure farin yadi da zare a tsakar gida a kai wa marina a Ƙofar Mata su tsoma a baba. Ba zan kama sunan galarin da ya karɓi aikina ba saboda kowane gida da nasa ƙa'idojin, kuma suna canzawa daga bajekoli zuwa bajekoli, kar wata ta ɗauki lissafina ta ce haka yake a ko'ina. Amma hanyar kusan ɗaya ce, ita zan bi da ku daki-daki.

Da farko dai a gane wane irin bajekoli ake magana. Akwai wanda galari ke gayyatar mai zane da kansa, wannan sai wadda ta riga ta yi suna ko tana da hanya. Akwai kuma na tantancewa, shi ne namu, galari zai fitar da sanarwa ya ce duk wadda ta cika sharaɗi ta turo hotunan aikinta ta biya kuɗin shiga, sai a ɗauko wata daga waje, mai zane ce ko malamar jami'a ko ma'aikaciyar gidan adana kayan fasaha, a ce ita ce alƙaliya, ita za ta duba duka ta zaɓi waɗanda za a rataye. Gidajen galari na mata kuwa ba jiya suka fara ba. A.I.R. Gallery mata 20 ne suka haɗu suka buɗe shi a New York a 1972, cikinsu har da Nancy Spero da Howardena Pindell, saboda a lokacin manyan gidajen galari kusan maza zalla suke nunawa, yanzu yana Brooklyn. A 1973 aka buɗe SOHO20 a New York da ARC Gallery a Chicago. Woman Made Gallery kuma Beate Minkovski da Kelly Hensen ne suka kafa shi a Chicago a 1992 tun suna ɗalibai a jami'ar Northeastern Illinois. Kar ki ce ai wannan matsalar ta da ce, wani bincike da Artnet suka fitar a 2019 ya nuna a manyan gidajen adana fasaha 26 na Amurka, daga 2008 zuwa 2018, kashi 11 cikin ɗari ne kacal na abin da suka shigar rumbunsu aikin mata ne. Abin da ya fi jan hankalina ni kuma shi ne waɗannan gidajen ba sa raina aikin allura da zare. Matan da suka kafa su sun daɗe suna faɗa a kan cewa ɗinki da saƙa da rini fasaha ce cikakkiya ba wai sana'ar zaman gida kawai ba, masu fasaha irin su Faith Ringgold ma da yadi da ɗinki suka yi suna, to kinga mai zanen rini ba baƙuwa ba ce a wajen.

Abu na gaba da ya ɗan tsayar da ni shi ne layin da ke cewa wa ke da izinin shiga. Yawancinsu yanzu za ki ga sun rubuta mata da 'yan nonbainari, wato mutanen da ba sa kiran kansu namiji kuma ba sa kiran kansu mace. Na zauna ina tunanin ko akwai wasu tambayoyi da za a yi min ko wata takarda da zan sa wa hannu a kan aƙida, to babu ko ɗaya, layin yana faɗin waɗanda za su iya turo aiki ne kawai. A fom ɗin akwai gurbi ɗaya da aka tambayi yadda nake so a ambace ni, na nuna ni mace ce, shikenan, ba wanda ya nemi shaida kuma ba wanda ya sake ɗago maganar. Sai dai zan faɗa miki tsakani da Allah, waɗannan gidajen na 'yan rajin kare haƙƙin mata ne, wasu bajekolin jigonsu jikin mace ne ko zubar da ciki ko siyasar jinsi, kuma za ki iya samun aikinki a bango ɗaya da hoton tsiraici. Kusan dukkansu suna ajiye hotunan bajekolin da suka gabata a shafinsu, ki shiga ki duba da idonki kafin ki biya komai, kowa ta san inda iyakarta take. Ni na bar waɗanda ban natsu da su ba na nemi masu jigo a kan gida da ƙaura da gado da kayan yadi, kuma suna da yawa.

Wajen neman sanarwa akwai shafin CaFÉ, cikakken sunansa CallForEntry, buɗe asusu a ciki kyauta ne kuma za ki iya loda hotunanki ki ajiye ki dinga amfani da su. Wasu gidajen da Submittable suke karɓa, wasu EntryThingy, wasu kuma a shafinsu na kansu, sannan suna sakawa a Instagram. Kowace sanarwa tana zuwa da doguwar takardar ƙa'idoji, dan Allah ki fitar da ita a takarda ki zauna da biro, domin komai yana ciki kuma ba wanda zai kira ki ya tuna miki. A ciki za ki ga jigon, da sunan alƙaliya, da iyakar girman aiki da nauyinsa, da shekarun da aka yarda a ce an yi aikin a ciki don da yawa ba sa karɓar wanda ya wuce shekara biyu ko uku, da kuɗin shiga, da kamashon da galari zai cire idan an saya, sannan ranaku, ranar rufewa da ranar sanar da sakamako da ranar da dole aiki ya iso da ranar buɗewa da ranar kwashewa. Ni sunan alƙaliya nake fara nema a intanet in ga irin aikin da take yi da irin bajekolin da ta taɓa haɗawa, ba don in kwaikwaye ta ba, don in san ko akwai alamar idonta zai tsaya a kan yadi. Waɗannan ranakun kuma ki jera su da kalandarki, idan ranar isar da aiki ta faɗo kina gida Najeriya hutu ko tsakiyar hidimar sallah, gara ki haƙura da wannan ki jira wani.

Yanzu maganar hoto, nan ne zan daɗe domin nan ne komai yake. Alƙaliya ba za ta taɓa zanenki ba, ba za ta ji nauyinsa a hannu ba, ba za ta ji ƙamshin baba ba, ba za ta ga yadda zaren ya kwanta ba, hoto kawai za ta gani a fuskar kwamfuta cikin ɗaruruwan hotuna, kuma a wurare da yawa ko sunanki ba a nuna mata. Shuni kuwa launi ne mai wahalar ɗauka, waya takan mayar da shi baƙi ƙirin ko ta ja shi ya koma kamar ruwan bula mai haske, ɗinkin farin zaren kuma ya yi ta ƙyalli har zanen ya ɓace. Na gwada a falo da fitila bai yi ba, na gwada a rana tsaka ya fi muni, wanda ya ɗan yi dama-dama shi ne ranar da gari ya yi lumshi na rataye shi a farin bango kusa da taga na kashe duk fitilun ɗakin. Daga ƙarshe dai na samu wata ɗaliba mai koyon ɗaukar hoto a wata kwaleji kusa da mu na biya ta dala 75 ta ɗaukar min guda uku. Ina tsaye ina kallonta, ta kafa fitila biyu hagu da dama a karkace, ta ɗora kamara a kan ƙafa ta daidaita ta da tsakiyar zanen cif, ta sa wani ɗan kati mai ruwan toka a jikin yadin ta ɗauka da shi tukuna don ta gyara launi, sannan ta matso ta ɗauki wani na kusa inda ake ganin ɗaurin da ramukan allura ɗaya bayan ɗaya. Da ta turo min na buɗe sai da na ce Allahu Akbar, wannan ne zanena. Ƙa'idar dai kar a ga kujera ko makunnin wuta ko hannun mai riƙewa, aikin kawai. Fayil ɗin JPEG ake so, a CaFÉ gefen da ya fi tsawo kar ya gaza fiksel 1200 kuma nauyinsa kar ya wuce megabait 5, wasu gidajen har yadda za ki raɗa wa fayil suna sai sun faɗa miki. Ki duba kuma ko hoton kusa yana cikin lissafin ukun da aka ba ki ko ƙari ne, ga mai aikin yadi wannan hoton na kusa shi ne rabin hujjarta.

Bayan hoto sai rubutu. Kowane aiki yana son suna, da shekarar da aka yi shi, da kayan da aka yi shi da su, da awo da inci ba santimita ba, tsawo ake fara rubutawa sannan faɗi. Sai ɗan bayanin mai aiki, galibi suna ƙayyade yawan kalmomi ko haruffa kuma akwatin zai yanke miki magana a tsakiya idan kin zarce, don haka ki rubuta a wani wuri ki ƙirga sannan ki kwafo. Na karanta na mutane da yawa na ga Turanci mai nauyi wanda ko su ban tabbata sun gane ba, ni dai na rubuta abin da na sani, cewa a Kano maza ne ke tsaye a bakin karofi ana ɗaukarsu hoto amma zanen da ke fitowa a jikin yadin hannun mata ne ya ɗaure shi a cikin gida inda ba mai ganinsu, kuma aikina a kan waɗannan hannuwan yake. Sunayen aikin da Hausa na bar su na sa fassara a gefe. Sai farashi, nan ma sai da lissafi. Galarin da na shiga kashi 40 yake cirewa, wasu 30 wasu har 50, to da na sa dala 900 abin da zai zo hannuna 540 ne, daga ciki kuma zan cire yadi da baba da zare da jigila kafin a zo maganar watannin da na yi ina ɗinki. Idan ba ki son sayarwa ana rubuta NFS, amma ki duba don wasu bajekolin sun ce dole komai ya zama na sayarwa. Ga wadda take nan da bizar karatu ko ta biyo miji da bizar da ba ta da izinin aiki, kar ki sa farashi sai kin tambayi ofishin ɗaliban ƙasashen waje ko lauyan shige da fice, domin sayar da aikin hannu ana iya ɗaukarsa a matsayin aiki, bai kamata zane ɗaya ya taɓa miki takardun zama ba.

Kuɗin shiga na biya dala 35 na aiki uku da katin banki, waɗanda na gani yawanci tsakanin 25 ne zuwa 45, kuma ba a mayarwa ko an ɗauke ki ko ba a ɗauke ki ba. Da farko abin ya yi min ciwo, na ce wa maigida yanzu fisabilillahi sai in biya kuɗi don a kalli hotona a ce a'a? Ya ce to ki bincika ina kuɗin ke tafiya. Da na bincika na ga yawancin gidajen nan ba na riba ba ne, da kuɗin shiga da na mambobi da tallafi suke biyan haya da wuta da ɗan abin da ake ba alƙaliya, masu tsaron wajen ma da yawa aikin sa kai suke, sai zuciyata ta ɗan sauka, duk da haka har yanzu ina ganin tsarin yana tace marasa hali tun kafin alƙaliya ta ga komai. Wasu gidajen sun san da haka, suna rage wa mambobi da ɗalibai, wasu suna yafewa gaba ɗaya idan kin rubuta imel kin nema kafin ranar rufewa, ba kunya a ciki, su suka rubuta a takardarsu. Ranar rufewa kuma ki lura da agogon wane gari ake nufi, Amurka agogonta ba ɗaya ba ne, a CaFÉ yawanci 11:59 na dare ne agogon Denver wanda yake bayan namu na Ohio da awa biyu. Bayan kin tura dole ki ga imel na tabbatarwa da rasit, idan bai zo ba ki koma ki duba, wataƙila fom ɗin yana nan a ajiye bai tafi ba.

Sai jira, wajen wata ɗaya zuwa biyu ba ki jin komai. Kuma bari in faɗa miki kafin a karɓe ni an ƙi ni, ba a wuri ɗaya ba ma. Saƙon ƙi gajere ne mai ladabi, mun gode, an samu ayyuka masu yawa, ba a zaɓi naki ba a wannan karon, babu dalili babu gyara, kuma ko kin tambaya ba za a faɗa miki ba. Na farkon wallahi ya taɓa ni sosai, na naɗe zanen na tura ƙarƙashin gado na yi kwanaki ban ɗauki allura ba, ina ta ce wa kaina ko dai abin namu bai kai ba ne. Abin da ya warware min shi ne wani zama da aka yi ta Zoom inda wata alƙaliya ta yi bayanin yadda take zaɓe. Ta ce zagayen farko da gudu take wuce hotunan don ta ga me ya shigo gaba ɗaya, na biyu ta fara cirewa, daga nan kuma ba tambayar wanne ya fi kyau take yi ba, tambayar wanne zai zauna da wanne a ɗaki ɗaya take yi, ga bango mai iyaka, ga manya ga ƙanana, idan ta riga ta ɗauki shuɗi babba guda biyu na ukun zai fita ko da ya fi su. Nan take na tuna jeren ɗakin amarya, sau nawa ake mayar da kwano mai tsada cikin kwali don kawai bai shiga sahun sauran ba. Zanen da aka ƙi a wancan gidan shi ɗin dai ne aka karɓa a wannan, ko zare ɗaya ban ƙara masa ba.

Imel ɗin karɓa a wurin tarkacen saƙonni na tsince shi, saboda haka idan ranar sakamako ta zo ki leƙa can ma. A cikin ukun da na tura ɗaya aka ɗauka. Na kira Gwaggo ta WhatsApp na ce Gwaggo albishirinki, ta ce goro, na faɗa mata, ta yi shiru sannan ta ce ke 'yar nan, ɗaurin da muke yi muna hira shi ne za a rataye a bango mutane su zo kallo? Allah ya sa albarka, ki gaya musu a Kano aka koya. Murnar ba ta daɗe ba aiki ya taso, domin an ba ni 'yan kwanaki ne in amsa cewa na yarda in kuma sa hannu a yarjejeniya. Ki karanta ta da kyau, a ciki aka rubuta cewa ba zan janye aikin ba sai an rufe bajekolin, galari na da izinin amfani da hotonsa wajen talla, jigilar zuwa da dawowa duk a kaina, inshorar hanya ma a kaina, kuma idan aikin da ya iso ya bambanta da na hoto suna da ikon ƙin rataye shi. Akwai layin da ya ce aikin da ba a karɓa ba bayan wani wa'adi za a fara cajin kuɗin ajiya. An kuma turo fom ɗin haraji na W-9 saboda ko za a yi ciniki, shi lambar Social Security ko lambar haraji ta ITIN yake nema.

Dole aiki ya iso a shirye don ratayewa, ba za su yi miki dabara ba. Masu firam ana son zoben ƙarfe mai siffar D guda biyu da waya a baya, kuma da yawa ba sa karɓar gilashi a abin da aka aiko, sai gilashin roba. Nawa tunda yadi ne sai na ɗinka masa dogon aljihu a baya ta sama na zura siririn katako mai huji biyu, na rubuta takardar yadda za a rataye har da zanen kibiya mai nuna sama, na liƙa sunana da sunan aikin a baya. Ban ninke shi ba don kar ya yi layi, naɗe shi na yi a jikin bututun kwali da farin ƙyalle a tsakani, na sa a leda saboda ruwa, na sa a dogon kwali mai ƙarfi. Sun hana zuba ƙananan farin soso ɗin nan da ake cika kwali da su, kuma sun ce kwalin ya zama wanda za a iya sake amfani da shi domin a cikinsa za a dawo miki da kayanki, har da takardar jigilar dawowa wadda kin riga kin biya sai kin saka a ciki. Katako da kayan ɗinki sun ci wajen dala 25, kwali da bututu wajen 20, jigila da inshora wajen 45 na zuwa, 45 na dawowa. Kamfanin jigilar ya ajiye min kwalin a wata tasha ya yi kwanaki lambar bibiya ba ta motsa ba, ga wa'adi yana matsowa, barci ya gagare ni, na rubuta wa galarin na tura musu lambar, wata baiwar Allah ta amsa ta ce kar in damu sun gani za su jira. Ya isa ana gobe rufe karɓa. Ki aika da wuri yadda ko an samu irin wannan akwai sauran sarari.

Zuwa buɗewa ba dole ba ne amma na so in gani da idona, muka ɗauki mota da maigida muka kwana a otal, man mota da masauki wajen dala 200. Wajen bai kai girman da nake zato ba, ɗaki biyu ne masu farin bango, ayyukan ba su kai hamsin ba. Ina shiga da hijabina aka ba ni ɗan lambar liƙawa a ƙirji mai sunana, ba wanda ya yi min wani kallo. Akwai giya a teburi kamar yadda suka saba, akwai ruwa da lemo, na ɗauki ruwa. An rataye zanena kusa da aikin wata dattijuwa baƙar fata 'yar Amurka da ta haɗa da tsofaffin rigunan mahaifiyarta, da na ga su tare sai na gane abin da alƙaliyar ta hango, kamar da gangan aka yi su don juna. Dattijuwar ta zo ta sa tabarau ta matsa har hancinta ya kusa taɓa yadin, hannunta a goye a baya don ba a taɓawa, ta bi layin ɗinkin da ido daga sama har ƙasa sannan ta juyo ta tambaye ni da wane irin zare na ɗaure kuma sau nawa na tsoma, muka tsaya muna maganar baba kusan rabin awa don kakanninta daga South Carolina suke inda aka yi noman baba da ƙarfin bayi. Alƙaliya ta yi gajeren jawabi aka ba mutum uku kyauta, ba ni ciki. Idan kin ga jan ɗigo a jikin takardar sunan aiki to an saya ke nan, a daren na ga guda biyu ko uku kacal.

Nawa ba a saya ba. Bayan an rufe da kamar mako biyu kwalina ya dawo, na buɗe a gaban kamarar waya saboda ko da ɓarna, lafiya lau yake har takardar sunan da aka liƙa a bango sun sako min. Idan na haɗa komai na kashe kusan dala 450, ba tare da tafiyar ba kuma wajen 245, to wannan shi ne lissafin da ya kamata ki yi tun kafin ki biya 35 ɗin farko, ki tambayi kanki idan aka ce an ɗauke ni ina da na sauran? Abin da na samu kuma, layi na farko a takardar tarihin aikina wanda yanzu nake sakawa idan ina neman tallafi, hotuna masu kyau da nake ta amfani da su, sannan wata da ta karɓi katina a daren ta kira ni daga baya na koyar da ɗaurin rini a wata cibiyar unguwa aka biya ni. A ganina ya biya, amma ba zan ce wa kowa ta dinga turawa duk inda ta gani ba, gara ki ware kuɗin shiga na shekara ki zaɓi kaɗan da suka dace da aikinki, ki fara da na kusa da ke inda za ki kai da hannu ki ɗauko da hannu. Ki kuma riƙe littafi na wane aiki kika tura ina, saboda idan gida biyu suka karɓi zane ɗaya a lokaci ɗaya dole ki janye daga ɗaya kuma ba sa mantawa da irin wannan.

'Yan uwa da ke gida Najeriya ko Nijar da kuka tambaya ko za ku iya, wasu sanarwar na mazauna Amurka ne kawai, wasu na duniya ne kamar wanda Woman Made Gallery suka saba yi mai suna International Open, layin cancanta zai faɗa miki. Ki tabbatar katinki yana biyan dala kafin daren rufewa, ki je kamfanin jigila da awon aikin a faɗa miki kuɗin zuwa da na dawowa tun kafin ki cike fom, kuma a Najeriya ki leƙa gidan tarihi na ƙasa mafi kusa da ke, kamar Gidan Makama a Kano, ki tambayi takardar izinin fitarwa mai nuna aikin sabo ne ba kayan tarihi ba. Mai yadi ko takarda ta fi mai tukwane sauƙi tunda nata naɗewa ake yi. Akwai kuma bajekolin da a intanet kawai ake yi, babu jigila sam, da shi zan ce ki fara. Sannan ki yi hattara da masu turo saƙo a Instagram suna yaba aikinki suna cewa an zaɓe ki alhali ba ki nema ba, daga baya su ce ki biya ɗaruruwan daloli kuɗin bango ko na shiga littafi. Na gaskiya za ki ga sunan alƙaliya, da adireshin da za ki iya dubawa a taswira, da hotunan bajekolin baya da sunayen waɗanda suka shiga, ki nemi ɗaya daga cikinsu ki tambaye ta yadda ta kaya kafin ki tura ko dala ɗaya.